Yadda Na Ƙara wa Tsohuwar Laftof Gudu a Zafin Sakkwato

Laftof ɗin da nake aiki da ita ta hannu ce, kuma furosesarta, wato guntun da yake yi mata lissafi, Intel Core 2 Duo T8300 ce, wadda ta fito a farkon shekarar 2008 da gudun gigahaz 2.4. Aikin da ya fi cin ƙarfinta shi ne matse bidiyon karatu da na bukukuwa domin su yi ƙanƙantar da za a iya tura su ta waya, aikin da yake riƙe ƙwayoyin furosesar guda biyu tun daga farkonsa har ƙarshe. Da yake kuɗin sabuwa ba su samu ba, sai na ƙudurta in ga ko za a iya tura wannan ta wuce iyakar da aka saita mata.

Gudun irin wannan furosesa yana fitowa ne daga lambobi biyu da ake ninkawa: gudun tushe, wanda a nan megahaz 200 ne, da lambar ninki, wadda take 12, su ne suke ba da megahaz 2400, wato gigahaz 2.4. Duk mai son ƙari dole ya taɓa ɗaya daga cikinsu. Na fara duba gudun tushe, domin akwai manhajar SetFSB da take magana kai tsaye da ƙaramin guntun da yake samar da bugun agogo a kan babban allo. Sai dai a yawancin laftof an kulle wannan guntu, buɗe shi kuma yana buƙatar a sa masa dalma, sannan idan gudun tushe ya tashi, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, ita ma tana tashi tare da shi, a wasu injunan har da layin da faifan ajiya yake kai. Kuskure a wannan layi yana iya lalata fayiloli ba tare da an lura ba, ni kuwa ayyukan mutane ne a cikin faifaina, saboda haka na bar wannan hanya.

Lambar ninki a kulle take, amma Intel ta bar wata 'yar ƙofa a furosesocin wancan zamani, wato tsarin IDA, wanda yake barin ƙwaya ɗaya ta hau ninki 13 muddin ɗayar tana hutawa. Manhajar ThrottleStop tana iya tsayar da duka ƙwayoyin biyu a kan wannan mataki, da sharaɗin BIOS, wato tsarin da yake tayar da injin kafin Windows, ya yarda a kashe SpeedStep, tsarin da yake sauya gudun furosesa gwargwadon aiki, kuma na yi sa'a nawa ya yarda. Ribar ba ta da yawa: gigahaz 2.6 maimakon 2.4, wato kusan kashi 8 cikin ɗari, ta yadda aikin awa guda zai koma kamar minti 55. Ga wanda yake tseren gama aiki kafin a ɗauke wuta, waɗannan mintuna suna da daraja.

Kafin in taɓa kowace lamba, na kai injin wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta domin a buɗe shi. Da ya cire fankar, sai muka tarar da ƙurar hunturu ta dunƙule ta toshe hanyar iska tsakanin fankar da siraran ƙarafan da suke fitar da zafi, man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe kuma ya bushe ya farfashe. Ya ce mini, “Malam, kana son ta yi gudu alhali numfashi ma ba ta samu?” Na ce, “Baba, ai shi ya sa na fara da wurinka.” Ya wanke wurin, ya sa sabon mai daidai kima, kuma wannan gyara kaɗai ya sauke zafin da digiri masu yawa tun ba a kai ga manhaja ba.

A watan Janairu na yi gwajin farko, lokacin da sanyi yake da ƙarfi. Na kashe SpeedStep a BIOS, abin da ya sa injin yake tashi a ninki 6, wato gigahaz 1.2, har sai ThrottleStop ta buɗe ta ɗaga shi, don haka na saita ta ta riƙa buɗewa da kanta tare da Windows. Manhajar CPU-Z ta tabbatar mini duka ƙwayoyin sun tsaya a 2600. Daga nan na koma kan ƙarfin wutar da furosesa take sha, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin baki ɗaya. Zafin da furosesa take fitarwa yana tafiya daidai da gudunta, amma ta fuskar ƙarfin wuta, wato bolt, lambar ake ninkawa da kanta, wato idan aka rage bolt da kashi 10 cikin ɗari, wutar da take ci wajen aiki takan ragu da kusan kashi 19. Kamfani yakan saita bolt ɗin da ɗan rara domin kowace furosesa da ta fito daga masana'anta ta yi aiki lafiya, wannan rarar kuwa ita mutum yake nema. Na riƙa saukowa da bolt 0.0125 a kowane mataki, ina sakin manhajar Prime95 ta gallaza wa injin lissafi na tsawon sa'o'i, har na isa inda ta nuna kuskure, sannan na koma sama kaɗan. A ƙarshe laftof ɗin ta fi da gudu, kuma ta fi da sanyi.

Bazara ce ta nuna mini ainihin iyakar aikin. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 da rana, ɗaki mai rufin kwano kuma yakan riƙe wannan zafi har bayan magariba. Fankar laftof ba ta da wani sanyi nata, iskar ɗakin take turawa, saboda haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki sai ya bayyana a jikin furosesa. Iyakar T8300 digiri 105 ce, idan ta kusa kaiwa can takan rage gudunta da kanta domin kare kanta, kuma ba na son in gan ta ko kusa da 90. Saitin da ya kwana yana aiki lafiya a Janairu, sai ga shi da azahar ɗin Afrilu ya daskare ana tsakiyar matse bidiyo, domin furosesa mai zafi tana buƙatar ɗan ƙarin bolt kafin ta riƙe gudun da take riƙewa cikin sanyi. Yawancin bayanan da ake samu kan wannan aiki daga ƙasashe masu sanyi suke fitowa, lambobinsu kuma ba su dace da ɗakunanmu ba. Wanda yake nan ya kamata ya yi gwajinsa na ƙarshe da tsakar ranar bazara, a ɗakin da zai riƙa aiki, ko da kuwa ya riga ya gamsu da na hunturu.

Abubuwa biyu na ƙi yi da gangan. Ban sauya BIOS da wanda wasu suka yi wa kwaskwarima ba, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shi, alhali batirin ya tsufa, injin yana iya mutuwa gaba ɗaya. Ban kuma nemi furosesar Core 2 Extreme X9000 ba, duk da cewa lambar ninkinta a buɗe take, saboda wat 44 aka ƙayyade mata, bututun laftof ɗina kuwa an ƙera shi ne don wat 35.

Ya kamata a san cewa wannan ƙarin gudu bai taɓa saurin buɗe Windows ko na buɗe fayiloli ba, sai da na sauya tsohon faifan da SSD, ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, na ga bambanci a wannan ɓangare. Yanzu ina da saiti biyu a ThrottleStop: na gigahaz 2.6 don dare da hunturu, da na 2.4 mai ragaggen bolt don ranakun bazara. Ina ɗora injin a kan tebur da ɗan katako a ƙarƙashin bayansa domin iska ta shiga, ba na ɗora shi a katifa ko darduma, kuma idan hazo ya wuce nakan mayar da shi wurin mai gyara a share fankar.