Tausar kyanwa da abin da ta koya mini a aikin duba dabbobi

Yawancinmu da muka shiga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, shanu da tumaki da kaji ne a ranmu. Nan abinci yake, nan kuma jama'a ke nemanmu. Kyanwa ba ta cikin lissafi. Sai ga shi da na fara aiki, tambayar da aka fi yi mini a kanta ita ce dalilin da ya sa take hawa cinyar mutum ko bargo ta riƙa dannawa da dagin gaba, dama, hagu, dama, hagu, kamar mai cuɗa ƙullun alkubus.

Wata Hajiya daga Tudun Wada ta taɓa kawo mini tata a kwali, hankali a tashe. "Likita, ku duba mini ita. Kullum da daddare sai ta hau katifar jikana tana tattakawa, ido a lumshe, har miyau ke zuba. Maƙwabta sun ce ba banza ba, in kai ta nesa in yar." Na duba baki, kunne da fata, na auna zafin jiki, bai wuce digiri 39 ba, daidai yadda ake so. Na ce, "Hajiya, ku kwantar da hankalinku, lafiyarta lau. Daɗin gidanku ne ya yi mata yawa."

Abin daga shan nono ya samo asali. Kyanwa kan yi kwana 63 zuwa 65 da ciki, ta haifi 'ya'ya ba gani ba ji, ido ba ya buɗewa sai bayan kwana 7 zuwa 10. Da ƙamshi da ɗumi ɗan ke lalubo nono. In ya kama, sai ya riƙa danna gefen maman da daginsa, wannan dannawar da tsotson su ke sa jikin uwar ya saki sinadarin oksitosin, nono ya sauko. Wanda ya taɓa kwana a ruga wajen Shika ko Giwa ya san zancen. Ba a tatsar saniyar Bunaji sai an saki maraƙi ya fara tsotsa yana tunkuyin hantsa. Bafulatana ba ta karanta sunan sinadarin ba, amma da shi take aiki kowace safiya. Ni kaina a gindin saniya na fahimci abin da aka rubuta mana a allo.

Da yawa daga cikin kyanwoyi ba sa barin ɗabi'ar bayan yaye. Duk inda suka sami laushi da ɗumi da kwanciyar hankali, dagi ya fara aiki, wani lokaci har da miyau. Akwai kuma wani ƙamshi da ke fita daga tsakanin yatsunta wanda hancinmu ba ya kamawa, tana shafa shi a wurin da ta ɗauka nata ne. Sai dai a bambanta wannan da na mace mai neman muzuru. Ita mai neman muzurun ƙirji take kwantarwa ƙasa, ta ɗaga baya, ta riƙa taka ƙafafun baya tana kuka.

Inda nake tsayawa in yi dogon bayani shi ne in an ce mini tana haɗawa da tsotson zane ko cin zare. An fi ganin haka ga waɗanda aka raba da uwa da wuri, kuma wannan laifinmu ne. Kyanwa ta haihu a ɗakin ajiya, sati 3 ba su cika ba an rarraba 'ya'yan ga masu fama da ɓera, a dama musu madarar gari a murfin kwalba. Gudawa ta biyo baya, don cikinsu ba ya jure madarar shanu, wasu ma ba sa kai labari. Kamata ya yi a bar su da uwa aƙalla sati 8. Zaren da ta haɗiye kuwa yana iya naɗe hanji, har sai an yi tiyata.

Masu kyanwa sukan so in rubuta magani, ko da na ƙarin jini ne, don su ji ba su zo a banza ba. Ba na rubutawa. In faratanta na cutar da cinya, a shimfiɗa tsumma mai kauri, ko a rage tsinin da abin yanke farce, ba tare da an kai ga wurin nan ja da ke da jini ba. Duka ba ya hana ta, tsoron mai gida kawai yake koya mata. In akwai jariri a gidan, a rufe mata ɗakinsa lokacin barci, a ajiye mata tsohon bargo a wani lungu, can za ta koma da tausarta.