Baƙin man da ya tona min asiri a Jamus

Shekarata huɗu kenan a Jamus, kuma wallahi duk wahalar sanyi da yaren nan nasu mai karya harshe, ba abin da ya taɓa ba ni kunya kamar ɗigon baƙin mai a garejin gidan da nake haya. Har yau in na tuna takardar da aka maƙala min a gilashin mota sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bara ne na sayi Peugeot 504 ƙirar 1978. Eh, Fijo dai da kuka sani. A intanet na ganta cikin dare bayan na dawo daga aiki, fara ce, kujerunta ruwan ƙasa, sak irin wadda Baba ya yi shekara da shekaru yana ja, ina ganin hoton kawai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na je na ɗauko ta wajen wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta a rufe. A nan irin wannan motar ba akwala ba ce fa, in ta cika shekara 30 kuma ba a sauya mata kamanni ba sai a ba ta lamba mai H a ƙarshe, motar tarihi kenan, har cikin garin da aka hana motoci masu hayaƙi shiga ita tana shiga abinta. In na tsaya a danja tsofaffi su dinga ɗaga min hannu, wani har ya sauke gilashi ya ce shi ma ya taɓa mallakar irinta. Ni da na yi shekara uku ba wanda ya taɓa ce min ci kanka a tashar bas, sai ga shi mota ta sa ana min murmushi. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

To sai na ce bari in yi mata gata, in yi mata juye da hannuna. Na shiga shagon kayan mota, jarkokin mai jere har sama, na duba na ɗauko wanda ya fi kowanne tsada, 5W-30 sintetik. Yaron shagon ya tambaye ni wace mota ce, ni kuma girman kai ya hana ni tsayawa, na ce masa kar ya damu, babana direba ne, cikin mota na tashi. A nan ba ka isa ka shimfiɗa kwali a bakin titi ka shige ƙarƙashin mota ka kwance mai ba, sai da na kama haya a wani gareji da ake biya da awa, na ɗaga ta, na tsiyaye tsohon, na sa sabon filta, na zuba kusan lita 4. Tsohon man ma sai da na mayar shagon, dan doka ce wanda ya sayar maka da sabo ya karɓi tsohon. Na dawo gida ina jin kaina wani babban bakanike.

Ba a yi sati biyu ba ta fara nuna min. In inji ya yi zafi na tsaya a silo sai jar wutar mai ta dinga ƙyaftawa, ga wata ƙara siririya tak tak tak daga saman injin da da babu ita. Sai kuma ɗigon. Wata safiya na sauko na tarar da takarda a ƙarƙashin waifa, mai kula da gidan ya rubuta da manyan baƙaƙe wai in tsabtace wajen kafin ƙarshen mako, har da zana layi biyu a ƙasan kalmar mai. Na leƙa, ga baƙin tabo kamar faɗin faranti a kan siminti, kuma duk garejin nan mota sama da ashirin ba mai ɗigo ko ɗaya sai tawa, ni kaɗai ne baƙo a gidan kuma. Wani abokin aikina ya ce in sayi yashin nan da ake zuba wa kyanwa dan tana kashi, wai yana tsotse mai. Haka na yi layi da buhun yashin kyanwa ni da ba ni da kyanwa, na zo na durƙusa ina gogewa da buroshi maƙwabta na wucewa suna gaishe ni da wata irin ladabi da ta fi zagi ciwo.

Daga ƙarshe na kai ta wajen wani dattijon bakanike da ke gyaran tsofaffin motoci. Ya zaro sandar gejin, ya shafa man tsakanin yatsu biyu, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce me ka zuba mata? Da na faɗa masa bai yi dariya ba, kai da ma ya yi. Ya zaunar da ni kamar ɗan firamare. Ya ce lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu a sanyi, ta bayan kuma kaurinsa in inji ya kai zafi wajen digiri 100. Injin zamani an matse shi sosai, siririn mai yake so. Injin da aka ƙera tun 1978 kuma, ya kuma ci hanya, tsakanin ƙarafansa akwai sarari, in ka ba shi mai kamar ruwa ƙarfin turin man sai ya faɗi, shi ne wutar da nake gani. Ɗigon kuma ya ce ba man ne ya huda komai ba, sil ɗin ne da gasket suka tsufa suka bushe, tsohon datti ne ya toshe su, sabon man ya zo ya wanke dattin ya sami hanya. Sannan akwai wani sinadari mai zinki da ake ce wa ZDDP wanda ke kare kamshaf da tafet a irin wannan injin, an rage shi a yawancin man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙin da ke cikin salansar sababbin motoci, ita kuwa tawa ba ta da wannan matatar ma sam. Ya ce 20W-50 na gargajiya, wanda aka yi dan tsofaffin motoci, in kuma dole sai na fita da ita a hunturu to 15W-40, amma gara in ajiye ta dan gishirin da suke watsawa a titi zai cinye ƙasanta. Kuma in yi juye duk shekara ko ban yi tafiya ba, dan kabureta na sa fetur ya sulale cikin man ya tsinka shi.

Duk bayanin nan ni hankalina na kan yatsunsa. Haka Baba yake yi. Kullum da safe kafin ya tada mota sai ya buɗe bonet, ya zaro gejin, ya goge da wani jan ƙyalle da ke rataye a ƙarƙashin sitiyari, ya mayar ya sake zarowa, ya murza man a yatsa wani lokacin har ya shinshina. Ni nake riƙe masa bonet ɗin, shekara nawa ina tsaye a wajen, ban taɓa tambayarsa me yake dubawa ba, ni dai burina ya gama in zauna gaba.

Da daddare na kira gida. Mama ce ta ɗauka kuma dama tana cike da ni, tun da ƙanina ya nuna mata hoton motar take cewa 'ya'yan mutane na turo sababbin motoci ni na je Turai na kwaso abin da ubana ya sayar tun ina sakandare, ga bikin ƙanwata ya matso ban ce komai ba. Ƙanin nawa ma roƙona ya yi kar in sa hoton a Facebook wai abokansa za su yi masa tsiya. Na haƙura ta gama, dan gaskiya tana da gaskiya a maganar bikin. Sai ta miƙa wa Baba. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya daina tuƙi, yini yake a ƙofar gida da rediyo. Na ba shi labari tun daga farko har yashin kyanwa. Ya yi dariya har da tari, ya ce kai yaro, Fijo ai mai kauri take sha, wa ya ce ka ba ta ruwa? Na ce Baba ai ba ka taɓa gaya min ba. Ya ce ka taɓa tambaya?

Ya tambaye ni giyarta a sitiyari take ko a ƙasa, na ce a ƙasa, ya ce to ba irin tasa ba ce kenan, tasa ta fi. Mun fi minti arba'in muna magana, rabon da mu yi doguwar hira haka ni da shi har na manta. Kafin ya ajiye ya ce in duba ruwan lagireto ma kar in tsaya a mai kawai, kuma in tura wa Mama kuɗin bikin kafin Juma'a dan shi ne ke shan mitar.