Wai duk ajin ita suke kallo

Ɗiyar yayata shekarunta 12, nan Mabera suke, kwana ukku ta ƙi zuwa islamiyya wai ciwon ciki. Inna ta jiƙa mata sabara, anka sayo magani kemis, shiru. Sai da na zaunar da ita bayan magariba sannan tac ce min ran Asabar malam ya tada ta hadda, ta kakare ga aya guda, wata yarinya ta yi dariya. "Kawu wallahi duk ajin sun ce ni daƙiƙiya ce." Na ce wa yac ce? Ba kowa, a fuskarsu ta gani wai.

To nan matsalar take. Yarinya guda ta yi dariya amma a tunanin ɗiyar yayata ajin ne gaba ɗaya, ta karanta zuciyar kowa ta yanke ma kanta hukunci, kuma kullum in ta kwanta sai ta maido abin tana tunawa yana ƙara girma har cikin ya murɗa da gaske, ba ƙarya take ba. Irin wannan tsoron yawanci wajen shekara 13 yake kama yara, daidai lokacin da mu kuma muke cika musu kunne da "mi mutane za su ce". Ni ma na sha faɗi, Allah shi yafe. Muna cewa kunya muke koya musu, alhali mai kunya tana gaida baƙo ta sadda kai, wagga ko falon ba ta iya shiga.

A shekarar 2000 wani malamin jami'ar Cornell a Amurka, Thomas Gilovich, da abokan aikinshi sun fitar da wani bincike, sun sa ɗalibai rigar da suke jin nauyin sawa sunka shiga cikin mutane. Masu rigar sun zaci kusan rabi sun lura, ashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, kowa ta kanshi yake.

Ban ce mata ki daina tsoro ba, wannan ba ya aiki. Cewa na yi ta faɗa min wa ya kakare makon jiya ban da ita. Ta daɗe tana tunani, ta kasa tuna ko mutum guda, ta ɗan yi murmushi dai. Ran Lahadi ta tafi, baya ta zauna, hannu bai tashi ba tukuna.