Ranar da Auta ta hau moto

Lahadi, bayan isha'i, Damagaram.

Ƙafafuna ciwo suke kamar na wanda ya je Mirriya a ƙasa ya dawo. Tun hantsi nake bin moto da gudu, ina riƙe da ƙarfen bayansa, ina ihu har muryata ta dushe. Auta nake koya wa tuƙi. An tura ta koyarwa wata makaranta can bakin gari, ta hanyar Tanut, kuma da muka yi lissafin kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa kullum, sai muka ga ƴan kabu-kabu za ta riƙa yi wa aiki. Inna ta ce mace da moto, ba da yawunta ba. Baba ya yi kwana biyu bai ce uffan ba, jiya kuma ya kira ni ya ce, "Kai ta fili. Amma kada ka dawo mini da ita da karaya."

Na zuba mai na jika ɗaya a tasha. Da can wajen ƴan ruwa-ruwa nake sayen kwalba a bakin hanya, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 arahar ta tafi. Muka nufi filin da yaran unguwa ke buga ƙwallo, hazon hunturu bai gama washewa ba.

Abu na farko da na sa ta yi shi ne ta tattare hijabinta ta zauna a kansa. Na taɓa ganin yadda sarƙa ta naɗe mayafin wata mata ta fizgo ta ƙasa, ba na son in sake gani. Sannan na nuna mata: hannun hagu ambireyaj, wanda mutanen Kano ke ce wa kuloci; ƙafar hagu bites, su kuma su ce giya; ƙafar dama burkin baya; hannun dama wuta da burkin gaba. Ta haddace nan take, malama ce.

Daga nan ne aka shiga uku. Na ce, "Saki ambireyaj a hankali, ki ƙara wuta kaɗan." Ta saki, moto ya yi tsalle ya mutu. Ta buga, ta saki, ya mutu. Sau bakwai na ƙirga. A na takwas ta juyo ta ce, "Yaya, a hankalin nan naka, nawa ne?" Wallahi na buɗe baki na rasa amsa. Shekara goma sha tara ina tuƙi, hannuna ya san wurin da injin ke kamawa, amma bakina bai sani ba. Sai na ɗora hannuna a kan nata muka saki tare, na ce ta saurari ƙarar, in ta ji ta yi nauyi to ya kama. Da kunne ta gane.

Ina biye da ita ina haki na tuna cewa ni babu wanda ya riƙe mini ƙarfen baya. Ina ɗan shekara goma sha huɗu Kawu ya zo cin tuwo ya bar makulli a jikin motonsa. Na daɗe ina kallon ƙafarsa in ya ɗauko ni, don haka tayarwa ba ta ba ni wuya ba. Tsayawa ce ban taɓa lura da yadda ake yi ba. Tarin tubalin maƙwabcinmu ne ya tsayar da ni, salansa ta kwanta mini a ƙwauri. Kwana uku ina ɓoye ƙunar cikin wando, sai da Inna ta ga ina ɗingishi. Tabon yana nan, kuma in ka sa ƴan fadarmu su ɗage wando, kusan kowa da nasa, a ƙafar dama. Wani a wankin moto ya koya, in mai shi ya ba da baya ya ɗan zaga. Wani yaron gareji ne, ana gama gyara ya ce bari ya gwada. Wanda ya fara zuwa makarantar tuƙi kafin ya taɓa hawa, ni dai ban san shi ba.

Faɗuwar Auta ɗaya ce yau. Ta shiga rairayi, tayar gaba ta fara lilo, ta tsorata ta damƙe burkin gaba. Laifina ne, ban gaya mata ba: a yashi ba a taɓa burkin gaba, wuta ake riƙewa daidai, a sassauta hannu, a bar moto ya nemi hanyarsa. Madubin hagu ya fashe, ita ko ƙwarzane babu. Ta tashi tana kakkaɓe jiki, yaran ƙwallo suna ta shewa. Na zaci za ta ce mu tafi gida. Ta ce, "Ɗaga mini shi." Kafin azahar ta zaga filin sau uku ita kaɗai, har ta sa bites na biyu.

Da magariba muka ba Baba labari, sai ga dattijo ya saki jiki. Ashe shi ma da nasa. A zamaninsu Mobylette ake yayi, ta Faransa, mai feda kamar keke. Ba ta da bites, sai ka yi ta taka feda har injin ya kama, man ta kuma sai an gauraya shi da baƙin mai. Ya ce duk wanda ya iya keke gani yake ya iya ta. Maigidansa ya aike shi da ita daga Zango zuwa Birni, ya isa ƙofar fadar Sarki lafiya lau, sai ya tarar bai san yadda ake kashe ta ba. Ya yi ta zagaya filin, dogarai na kallo, duk zagaye ɗaya sai ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa, har wani ya yi masa ihu ya cire wayar buji, wato fulogi. Inna da ke cewa ba ruwanta, dariya ta sa ta zubar da kokon fura.

Auta ta ce ai ta karanta cewa moto mai amfani da fetur na farko a Jamus aka ƙera shi, a 1885, aikin Daimler da Maybach, jikinsa na katako, da ƴan ƙananan tayoyi biyu a gefe don kada ya kife, kuma ɗan Daimler ɗin ne ya fara tafiya da shi. Baba ya ce, "To shi kuma wa ya riƙe masa baya?" Ya ƙara da cewa yana da tabbacin yaron ma bai nemi izini ba. Wannan kam zancen Baba ne.

Saura titi, kuma shi nake tsoro: amalanken jakai, awaki, ƴan kabu-kabu masu shigowa ta inda suka ga dama, balle ranar Alhamis wajen Kasuwar Dole. Na gaya mata ba za ta taka kwalta ba sai da kaske, wato hular kwano, a ka, sai kuma ta nemi permi, wato lasisin tuƙi, ko da yake ni kaina na yi shekaru kafin in nema.

Ɗazu ina rufe ƙofa na ji Inna a ɗaki tana ce mata ta riƙa sa wando mai kauri a ƙarƙashin zane, saboda salansa. Gobe in na taso aiki zan biya ta gareji in tambayi kuɗin madubi.