Kwana uku a kan keke tsakanin Haɗeja da Nguru

Tun da na dawo mutane ke tambayata wai me ya kai ni, ga mota ga mashin, sai na ɗauki keke na shiga fadama kamar wanda aka kora daga gida. Ni ma amsar da nake bayarwa ba ta wani gamsar da su, iyakaci dai na ce sha'awa ce. Ni da abokina mun daɗe muna hawan keke da asuba a cikin Kano, mu zagaya mu dawo kafin gari ya cika, to sai wata rana ya ce min kai mu fa kullum kwalta kullum hayaƙin adaidaita, me zai hana mu je inda ruwa yake. Haka maganar ta fara, a watan Janairu muka ɗora kekunan a saman mota muka sauka Haɗeja.

Lissafin da muka yi a gida shi ne ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba hawa ba gangara, saboda haka tafiyar za ta zo da sauƙi. Wallahi wannan lissafin ko awa uku bai yi ba ya rushe. Muna kan kwalta lafiya lau, amma da muka sauka muka ɗauki hanyar ƙauye wajen Kirikasamma don mu leƙa dausayin Baturiya sai yashi ya ce salamu alaikum. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin ma'anar sunan jihar ba sai ranar, jigawa ai tudun rairayi ne, kuma su ne a jere tsakanin fadama da fadama. Tayar gaba ta nutse, ka taka feda ta baya tana juyawa a wuri ɗaya, ka sauka ka tura, ka hau, mita kaɗan ka sake sauka. Muna cikin wannan fama wani dattijo ya zo ya wuce mu a kan tsohon Phoenix, baƙi, ba giya ba komai, ga damin kaba a kariya ya fi shi tsawo. Ya ɗan rage gudu ya dube mu da hulunan kwanonmu da gilasai ya ce, "'Ya'yan nan ku bi gefe inda shanu ba su taka ba, kuma ku rage iskar tayar, kun cika ta kamar ganga." Muka ce to Baba mun gode. Muka rage, kuma abin ya yi aiki, duk da dai girman kan abokina sai da ya ɗan motsa don kekensa ya ninka na dattijon kuɗi ban san sau nawa ba.

Amma da ka haye tudun ka hango ruwan sai ka manta wahalar. A Baturiya muka isa da la'asar, ruwa kwance a tsakanin itatuwa, goruba ko'ina, ga kirinjijiya garke guda suna wannan fito nasu, ga dinya can nesa, zalɓe kuwa ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Wasu ƙananan tsuntsayen da ke tsintar abinci a bakin laka baƙi ne, daga Turai suke tsallako Sahara su yi hunturu a nan, in zafi ya fara su koma. Saboda irin waɗannan tsuntsayen ne aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, su ne na farko a Najeriya, sannan aka ƙara Baturiya da tafkin Dagona a 2008. Dagona ɗin ma mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, marigayi Yarima Philip, ya taɓa zuwa a 1989 ganin tsuntsaye. Na zauna ina kallon wani ɗan mitsitsi da bai kai tafin hannuna ba, na ce ka ga wannan ya zo daga wata nahiyar ba biza ba fasfo, ni daga Haɗeja kawai ƙafafuna na rawa.

A keke ne kake gane yadda ruwan nan yake tafiya, a mota gada kawai za ka gani ka wuce. Kogin Haɗeja daga wajen Kano yake zuwa, na Jama'are kuma daga tsaunukan Jos, in suka iso wannan shimfiɗar sai su rasa hanya ɗaya da za su bi, su rarrabu tsakanin tuddan yashi, nan mashiga can tafki can kududdufi, sai can gaba wajen Gashuwa su tattaru su zama kogin Yobe da ke nufar tafkin Cadi. Da damina ruwa ya malale, in ya fara janyewa kowa ya bi bayansa, mai shinkafa ya girbe, mai noman rani ya shiga da tattasai da albasa da alkama, masunta na kan tarwaɗa da ƙarfasa, Fulani su sauko da shanu. A rana ɗaya mun wuce duka huɗun.

Rana ta biyu ita ce ta koya mana hankali. Taswirar waya ta nuna hanya miƙaƙƙiya har wani ƙauye, muka bi da ƙarfin gwiwa, sai ga mu gaban bango na kachalla, ciyawa ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kore shar, ba ka ganin komai a bayanta, hanyar kawai ta shige cikin ruwa ta ɓace. Muna tsaye muna gardama ko mu koma sai wani mai kwalekwale ya ɓullo ta wata 'yar kafa da aka sare a cikin ciyawar, ya ce Malam ina zuwa haka da kekuna. Muka faɗa masa. Ya yi dariya ya ce wannan hanyar ai rabon da a bi ta da ƙafa tun yana yaro. Muka yi ciniki, ya kwantar da kekunan ɗaya kan ɗaya a tsakiya, ni a gaba abokina a baya yana ta salati don bai iya ruwa ba, bakin jirgin da ruwan bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Yana tura gora yana ba mu labari, ya nuna wani wuri da ita ya ce nan gonar mahaifinsa ce, da shinkafa suke yi, yanzu ga ta nan kachalla ta cinye. Kuma a ciki jan baki ke kwana, tsuntsun nan da in ya sauka a gonar shinkafa ko gero sai dai ka yi innalillahi.

Abin da ya kawo ta ba ɓoyayye ba ne. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan zuwa yake da ƙarfi da damina ya wanke hanyoyinsa, da rani kuma ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawar ba ta samun wurin zama. Yanzu ana sako ruwa kaɗan kaɗan duk shekara, wuri ba ya bushewa, ita kuma abin da take so ke nan, ta toshe mashiga, laka ta taru, ruwan ya karkata ya cika wani gefen ya bar wani gefen da ƙishi. Mu mutanen Kano da muke cin tumatir ɗin Kadawa da ake nomawa da ruwan Tiga muna shan ruwan famfo, ban ce mun yi laifi ba, amma dai ya kamata mu san cewa akwai wanda gonarsa ta tafi a cikin lissafin. Ni dai a cikin jirgin nan shiru na yi ban ce daga ina muke ba, duk da na san ya gane daga bakinmu.

Faci kuwa ba a magana. Tsidau da ƙayar bagaruwa sun yi mana huɗu a rana ɗaya, gam ɗinmu ya ƙare, sai a wani ƙauye muka samu mai faci a gindin darbejiya, yaro ne ma bai fi sha biyar ba, ya yanko tsohuwar roba ya shimfiɗa a cikin tayar ya ce yanzu ku je. Daga nan har Nguru ba mu sake tsayawa ba. Wanda zai je ya riƙe tif biyu ko uku da famfo, da gidan sauro don sauron fadama ko sanyin hunturu bai hana shi aiki, kuma in za ka kwana a ƙauye ka fara zuwa gaida mai gari ka faɗi ko kai waye da abin da ya kawo ka, mu haka muka yi aka ba mu zaure da tabarma har da tuwon shinkafa da miyar kifi. Ka kuma tambayi lafiyar hanya kafin ka shige ta, kada ka yi tafiyar dare.

Mun shiga Nguru rana ta uku bayan azahar, fuska fari fat da ƙura, leɓe duk ya tsage. Muka wuce ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Kano ya ƙare tun wajen 1930, muka samu mai shayi muka zube a benci. Abokina ya ce baɗi sai Gashuwa da Dagona, na ce masa ya bari tukunna na iya zama a kan kujera ba tare da na karkace ba.