Ƙauyen Asahigaoka da Fuskar Renge

Na fara kallon Non Non Biyori ne a wani lokaci da gajiyar aiki ta hana ni bin kowane labari mai sarƙaƙiya. A kashi na farko na yi ta zuba ido ina jiran rikicin da zai ɓarke, har aka kai ƙarshe ba a yi faɗa ba, ba a tona asirin kowa ba, amma sai na tarar hankalina ya kwanta irin kwanciyar da na daɗe ban samu ba.

Shirin zane ne na ƙasar Japan, irin wanda ake kira anime, wanda kamfanin Silver Link ya fitar a shekarar 2013 daga littafin zane na wani mai zane da ake kira Atto. Labarin yana gudana ne a Asahigaoka, wani ƙauye na ƙirƙira da ke tsakanin duwatsu da gonakin shinkafa, inda makarantar garin take da ɗalibai biyar kacal, 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare duk a ɗaki ɗaya, a hannun malama ɗaya da barci yake yawan kwashewa a tsakiyar darasi. Hotaru, 'yar aji biyar, ta taso daga Tokyo ta dawo ƙauyen da zama, kuma da idonta muke fara ganin bokitan da aka jera saboda yoyon rufin makaranta, da gidajen da ba a kulle ƙofarsu, da rumfar kayan lambu a bakin hanya wadda babu mai tsaronta, sai dai mai saye ya ɗauka ya ajiye kuɗi. Japanawa suna kiran irin waɗannan shirye-shirye iyashikei, ma'ana masu sanyaya zuciya. Akwai abin da bai burge ni ba, domin yadda ake nanata shaƙuwar Hotaru da babbar ƙawarta Komari yakan wuce gona da iri, sai dai hakan bai rage wa shirin daraja a wurina ba.

Abin da ya kama ni shi ne haƙurin masu shirin da lokaci. Sukan bar hoton kogi ko na hanyar ƙasa ya tsaya a gaban mai kallo, babu magana, sai ƙarar ruwa da kukan ƙwari, har mutum ya lura da inuwar gajimare a kan gona. Wannan haƙurin ne ya sa kashi na huɗu ya zauna mini a rai. Renge, 'yar aji ɗaya kuma ƙaramar cikinsu, wadda ba ta da tsara ko ɗaya a ƙauyen, ta haɗu da Honoka, yarinya tsararta da ta zo hutun bazara gidan kakarta da na'urar ɗaukar hoto a hannu. Kwana da kwanaki suna yawo tare, Renge tana nuna mata wuraren da take ƙauna. Wata rana ta je gidan kamar yadda ta saba, sai kakar ta shaida mata cewa Honoka ta koma birni ba zato ba tsammani.

A nan masu shirin suka tsayar da hoton a kan fuskar Renge na dogon lokaci. Yarinyar, wadda fuskarta ba ta cika nuna abin da ke ranta ba, tana tsaye shiru, sannu a hankali leɓenta ya fara rawa, idanunta suka cika, hawaye suka zubo. Ba a sa kowa ya yi mana bayani ba. Na dakatar da shirin a daidai wurin, domin na tuna wani abokin wasana na ƙuruciya da iyayensa suka tashi daga unguwarmu ban samu yi masa sallama ba. Da na ci gaba da kallo, sai ga wasiƙa ta iso daga Honoka, a cikinta akwai hoton da suka ɗauka tare, Renge kuwa ta riƙe shi tana kallo.