Rabin maki a Rayfield

Asabar, bayan Isha.

Canjaras muka yi a gasar chess, wato darar Turawa. Awa huɗu a zaune, taku 71, kowa ya tashi da rabin maki. Har yanzu yatsuna ba su saki ba, ga sanyin Jos ga fargaba.

Tun da safe da na duba takardar haɗi gabana ya faɗi. Dattijon da aka haɗa ni da shi yana da 1940 a ma'aunin FIDE, hukumar chess ta duniya, ni kuwa 1740. A lissafin Elo, wanda ake auna ƙarfin 'yan wasa da shi, tazarar 200 na nufin ana sa ran ya kwashi kusan kashi 76 cikin ɗari na makin. Baƙaƙen 'ya'yan dara ne nawa. Wajen taku na 30 na yi gaggawa, soja ɗaya ya tafi a banza. Raina ya ɓaci sosai, don kuskuren nawa ne.

Aka yi ta musaya har allo ya yi fayau: shi da sarki da ruk (ɗan dara mai siffar hasumiya da ke tafiya a miƙe) da soja, ni da sarki da ruk. Nan na tuna Kawu, Allah Ya jiƙansa, da ya sa na maimaita tsaron Philidor, dabarar tsira da canjaras a irin wannan hali, a zauren gidanmu na Unguwar Rogo har na gundura. Sarkina ya tsaya gaban sojan, ruk ɗina ya tsare layi na shida don kada sarkinsa ya hau. Na jira. Jiran nan shi ne wahalar, zuciya na ta cewa ka yi wani abu. Da ya tura sojan zuwa gurbin e6 da ke kan layi na shidan, na sauke ruk ƙasa can, na shiga kai wa sarkinsa hari ta baya. Ya rasa mafaka, domin gurbin da zai laɓe sojansa ya riga ya cike shi.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya miƙo hannu. "Yaro, wa ya koya maka wannan?" Na ce, "Kawuna ne, Baba." Hawaye ya kusa zubo mini.

Masu cewa canjaras wasan matsorata ne ba su taɓa zama a kujerar nan ba. Carlsen da Caruana ma, da suka kara a gasar zakaran duniya, wasa 12 suka buga a Landan a 2018, duka canjaras.

Maki 5 za su ƙaru mini a ma'aunin FIDE. Inna ta tambaya wa ya ci, na ce mun raba, ta ce alhamdulillahi, ta ɗumama mini tuwo. Gobe ƙarfe tara, farare ne nawa.